Cinikin maƙwabta da tallafin ƙetare: na'ura da hasken rana za su sauƙaƙa wa ɗan kasuwar Nijar?

Duk wanda ke sauraron jawaban da ake yi a tarurrukan masu ba da tallafi a ƴan shekarun nan, zai lura cewa kalmomi biyu sun zama ruwan dare a bakinsu. Ta farko ita ce kasuwanci ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato a rage takardu da dogon layi a bakin iyaka. Ta biyu kuwa ita ce kasuwancin da ba ya ɓata muhalli, wato a rage hayaƙi, a rage asarar amfanin gona, a kuma koma ga hasken rana. An kashe miliyoyin kuɗi da sunan waɗannan abubuwa biyu a kan hanyoyin da suka haɗa Nijar da maƙwabtanta. To abin tambaya a nan shi ne, me manomin albasa na Galmi, da mai sayar da raguna na Damagaram, da matar da ke sarin kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya suka gani a ƙasa? Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan shafi.

Hanya ta girmi iyaka

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Buhun shinkafa, kwalin magani ko ƙarfen gini da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sai ya yi tafiyar kilomita dubu da ɗoriya kafin ya iso birnin Yamai, kuma duk kwanan da mota ta yi a hanya mai saye ne ke biyansa a kasuwa. Ta kudu kuwa muna da iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1500 da tarayyar Najeriya, iyakar da ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya, harshe ɗaya da kasuwa ɗaya. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke bin hanyar Kano zuwa Damagaram har Agadas, wasu kuma su nufi Gwanja neman goro. Yau ma dabbobi, wake, aya, riɗi da albasa na gangarawa kudu, yayin da masara, gero, siminti da kayan masana'antu ke haurowa arewa ta Ɗan Isa, Ƙonni, Magarya da Matamai.

Shugabanni ba su jahilci wannan ba. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai. A 1975 aka kafa ƙungiyar CEDEAO a birnin Legas, wadda a 1979 ta amince da yarjejeniyar kai da komowar jama'a ba tare da biza ba, da kuma tsarin shige da ficen amfanin gona da kayan sana'ar hannu ba tare da kuɗin fito ba. A 1994 kuma aka kafa UEMOA ta ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa. A kan takarda dai hanya a buɗe take tun da jimawa.

Yunwar 2005 ce ta tona asirin abin da ke tsakanin takarda da gaskiya. A waccan shekara farashin gero ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa abin da ke faruwa a kasuwar Dawanau ta Kano na da babban tasiri a kan tukunyar magidanci a Tasawa ko Dakoro. Daga nan ne ƙungiyoyi irin su CILSS da Club du Sahel suka sa hannu aka fito da shirin hanyar Kano-Katsina-Maraɗi, wanda aka fi sani da K2M, aka kuma yi taronsa a Katsina a 2007. Manufar ita ce ƴan kasuwa da hukumomin ɓangarorin biyu su riƙa musayar labarin farashi da yawan kaya, su kuma warware matsalolin hanya tun ba su yi tsamari ba. Daga baya shirin ProDAF na asusun FIDA, wanda ya soma a 2015 a jahohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, ya ɗora a kan wannan aiki, inda aka gina kasuwannin sari na hatsi da hanyoyin karkara da ke kai kaya gare su.

Daga takarda zuwa na'ura

Domin mai karatu ya gane amfanin na'ura a wannan fage, sai ya san yadda ake yi a da. Kayan da aka sauke a Kwatano ko Lome da nufin Nijar ba a biya musu kuɗin fito a can, tun da wucewa kawai za su yi. Amma ƙasar da za su ratsa tana tsoron kada a sauke su a hanya a sayar ba a biya ta ko dala ba. Saboda haka sai ta nemi a cika takardar bayanin kaya, a ajiye kuɗin jingina, wani lokaci ma a haɗa motar da ɗan rakiya. Idan an iso iyaka, sai a sake sabuwar takarda daga farko a ofishin duwan na ƙasa ta gaba, a sake wani jinginar, a sake jira. Yarjejeniyar TRIE da CEDEAO ta amince da ita a Kwatano a 1982 ta tanadi takarda ɗaya da jingina ɗaya daga tashar ruwa har inda kaya za su sauka, amma an yi shekaru fiye da talatin ba a aiwatar da ita yadda ya kamata ba, domin kowace ƙasa ba ta yarda da takardar ƴar'uwarta ba.

A nan ne tallafin ƙetare ya yi aikin da ake iya nunawa. Hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar da manhajar duwan mai suna SYDONIA, wadda Nijar da akasarin maƙwabtanta ke aiki da ita. A 2019 kuma CEDEAO ta ƙaddamar da tsarin SIGMAT, wanda ke haɗa kwamfutocin duwan na ƙasashe daban-daban, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Da wannan tsari, bayanin da aka shigar a tashar ruwa yana riga motar isowa iyaka. Ma'aikacin duwan na Gaya ko na Torodi ya san lambar motar, nauyin kayan da sunan mai su tun direba bai iso ba, aikinsa shi ne ya duba hatimi ya tabbatar. Idan kaya sun sauka, sai saƙo ya koma inda suka taso, a saki jingina. Ribar a nan iri biyu ce: ɗan kasuwa ya rage kwana a hanya, baitulmali kuma ya rage asarar da yake yi ta hanyar takardun jabu da kayan da ke ɓacewa tsakanin iyaka da iyaka.

Wannan aiki bai faɗo daga sama ba. Tun a taron ƙungiyar ciniki ta duniya OMC da aka yi a Hong Kong a watan Disamba na 2005 aka fito da shirin tallafi domin kasuwanci, bisa hujjar cewa buɗe wa matalauciyar ƙasa kasuwa ba ya amfanar ta idan ba ta da hanya, wuta da ma'aikatan da za su kai kayanta can. A 2013 aka cimma yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci a Bali, Nijar ta rattaba mata hannu a 2015, ta kuma soma aiki a watan Fabrairu na 2017. A 2018 Tarayyar Turai, Amurka, Holan da Jamus suka zuba kuɗi a wani shiri na Afirka ta Yamma da Bankin Duniya da hukumar GIZ suka gudanar, wanda ya zaɓi hanyoyi shida, biyu daga ciki namu ne: Kwatano zuwa Yamai, da Legas zuwa Kano zuwa Yamai. Tarayyar Turai ce kuma ta biya kuɗin ginin ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Malanbil, inda aka tsara ma'aikatan Benin da na Nijar su zauna wuri ɗaya su duba mota sau ɗaya.

To amma fa akwai abin da na'ura ba ta gani. Tun tsakiyar shekarun 2000 UEMOA, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ta kafa wani sashe mai ƙidayar shingayen da ke kan manyan hanyoyi, da kuɗin da ake karɓa ba rasit, da lokacin da ake ɓata wa direbobi. Rahotanninsa sun sha nuna cewa motar da ke da cikakkun takardu ma ba ta tsira. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai kayan da ke lalacewa. Mai siminti na iya yin gardama ya kwana a shinge, amma mai albasa ko tumatir ko raguna ya san rana ɗaya a cikin zafi ta fi abin da ake nema a hannunsa tsada, sai ya miƙa ya wuce. Ita kuwa ƙaramar ƴar kasuwa mai buhu biyu a bayan babur, ba ta cikin SYDONIA ba ta cikin SIGMAT, ba ta ma san cewa doka ta yafe wa kayanta kuɗin fito ba. Mafi yawan cinikin da ke tsakaninmu da Najeriya irin nata ne, ba ya shiga kowane littafi.

Ba rezo, ba wuta, ba aiki

Kwamfuta a ofishin duwan ba ta da amfani idan babu rezo, rezo kuma ba ya samuwa idan babu wuta. Duk direban da ya taɓa kwana a iyaka saboda an ce masa layi ya yanke ya san wannan. Shi ya sa Bankin raya ƙasashen Afirka BAD ya amince a ƙarshen 2016 da ba da kuɗin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da za ta ratsa Sahara. Rabon Nijar a ciki ya kai kilomita 1031, kuma an zaɓi hanyoyin ne da niyyar kaiwa ga iyakoki biyar: Arlit zuwa Asamaka ta wajen Aljeriya, Difa zuwa Gigimi ta wajen Cadi, Damagaram zuwa Magarya ta wajen Najeriya, Yamai zuwa Doso da Gaya ta wajen Benin, sai Yamai zuwa Makalondi ta wajen Burkina Faso. Hikimar da ke ciki ita ce kada ƙasa ta dogara da ƙofa ɗaya, in wannan ta toshe a bi ta waccan.

Amfanin sadarwa ga kasuwa ba zato ba ne. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashin gero tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda rezo ya isa, domin ɗan kasuwa ya daina yin doguwar tafiya don kawai ya ji farashi. A yau hukumar SIMA mai bin farashin amfanin gona, da cibiyar RECA ta manoma da ke amsa tambayoyi cikin Hausa da Zabarmanci ta waya da WhatsApp, duk a kan wannan turba suke.

Batun wuta kuwa ya fi ciwo. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Fabrairu na 2022 aka aza tubalin babban layin wuta na arewa, mai ƙarfin kilobolt 330, wanda zai tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin, da kuɗin Bankin Duniya, BAD, hukumar AFD ta Faransa da Tarayyar Turai. A cikin gida kuma an gina tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018 da bashin ƙasar Indiya, sai ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30, wadda AFD da Tarayyar Turai suka tallafa, ta kuma soma ba da wuta a 2023, a daidai lokacin da Najeriya ta yanke mana layi. Da ba don ita ba, da duhun da mutanen Yamai suka sha a waccan shekara ya fi haka.

Me ake nufi da cinikin da ba ya ɓata muhalli?

Wasu na ganin wannan magana ta masu ƙoshi ce, tun da hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na ƙasashe masu masana'antu. Gaskiya ne ba mu muka ɓata sama ba, amma mu ne ke kan gaba wajen shan wahalar. Ambaliyar daminar 2024 ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ruwa kuma ya yanke babbar hanya a mashigar Yamai har motocin kaya da na mai suka yi cirko-cirko. Hanyar da aka gina ba tare da lissafin irin wannan ruwa ba, kuɗinta zubarwa ne.

Abu na biyu shi ne motocin kansu. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. A wannan shekarar ce ministocin CEDEAO suka amince a Wagadugu da ƙa'idar tsabtar man fetur da gazuwal, da kuma iyakance shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su. Haka nan tun 2005 UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyin da gingimari za ta ɗauka. Sai dai mai mota na da tasa hujjar: idan mota na yin sawu ɗaya ko biyu a wata saboda jira a tasha da iyaka, ba zai iya sayen sabuwa ba, kuma dole ya lafta kaya fiye da ƙima don ya fid da kuɗin mai da na hanya. Lodin ya fasa kwalta, kwaltar da ta fashe ta ƙara cin mai da taya. Ashe ke nan rage jira a iyaka shi ne matakin farko na rage hayaƙi, kuma a nan ne maganar na'ura da ta muhalli suka haɗu.

Jirgin ƙasa ne ya kamata ya ɗauke wa hanya wannan nauyi. Layin dogo na Kwatano ya tsaya a Paraku, kilomita 438 daga teku, tun zamanin mulkin mallaka. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikinsa a farkon 2016, amma bai taɓa zama hanyar jigilar kaya ba, domin bai haɗu da komai ba. Fatan mutanen Katsinar Maraɗi da Gobir ya koma kan layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar a kan kusan dalar Amurka miliyar biyu. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. An sha ɗage ranar kammala shi, kuma ko ya iso, amfaninsa zai dogara ne ga abin da muka tanada a tasharsa ta Maraɗi: rumbunan ajiya, ofishin duwan mai aiki da na'ura, da hanyoyin da za su kawo kaya daga karkara.

Abu na uku, wanda ya fi kusa da talaka, shi ne asarar amfanin gona. Albasar Galmi ta yi suna daga Kumasi har Abijan, har ma ƙungiyar OAPI ta yi mata rajista a matsayin kayan da ke ɗauke da sunan yankinsu, ita da kilishin Nijar. Amma manomi na cire ta ne a watannin Maris da Afrilu lokaci ɗaya da kowa, farashi ya faɗi, wanda ya zuba a rudu don jiran tsada kuma ya tarar da kaso mai yawa ya ruɓe. Duk buhun da ya ruɓe, ruwan da aka ja, man da aka ƙona a inji da takin da aka zuba sun tafi a banza. Shirin PRODEX na Bankin Duniya, wanda ya soma a 2009, ya taimaka da wuraren sayar da albasa na bai ɗaya da rumbuna masu shan iska. Famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ma ya ƙara daraja tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, abin da ya sa man ƴan ruwa-ruwa da masu lambu suka saba da shi ya daina araha.

Naira a wannan aljihu, sefa a wancan

Ko an gyara hanya an gyara iyaka, akwai sauran batun biya. Kuɗin sefa a ɗaure yake da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655,957, ita kuwa naira tana hawa da sauka, ta kuma faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Mai raguna da ya sayar a Kano ko Legas kan tarar ribarsa ta narke kafin ya canza kuɗin, dole wasu su sayo kaya su dawo da su maimakon kuɗi. Canjin takardun naira na ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya nuna wa ƴan kasuwar iyaka haɗarin ajiye dukiya a buhu. A watan Janairu na 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a birnin Akra, wanda bankin Afreximbank ya tsara don mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa, mai sayarwa ya karɓa da nasa ba tare da an bi ta dala ba. Babban bankin BCEAO shi ma ya buɗe tsarin biya nan take tsakanin bankuna da asusun salula na ƙasashen UEMOA a ƙarshen watan Satumba na 2025. Amma har yanzu amana da ɗan canji na bakin kasuwa su ne bankin mafi yawan masu cinikin iyaka, kuma ba za su bar su ba sai sun ga abin da ya fi su sauƙi da araha.

Darasin shekarun rufe iyaka

A ranar 7 ga watan Yuli na 2019, a nan birnin Yamai, shugabannin Afirka suka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na nahiyar, wato ZLECAf, wanda shugaba Mahamadu Isufu ya jagoranci fafutukarsa, kuma a wannan taro ne Najeriya da Benin suka sa hannu. Ba a yi wata biyu ba, a watan Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020.

Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, aka yanke wuta. Dubban motoci suka maƙale, abinci da magani suka yi tsada. Masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da ayyukansu. Daga cikin abin da aka rasa har da shirin hukumar MCC ta Amurka na dala miliyan 504 da aka sa wa hannu a Disamba na 2022 domin hanyar Kwatano zuwa Yamai, wanda dala miliyan 302 daga ciki rabon Nijar ne, har da gyaran hanyar Yamai zuwa Doso. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, Bankin Duniya ma ya dawo da ayyukansa a cikin shekarar. Amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe a 2024 da 2025 saboda saɓanin da ke tsakanin hukumomin Nijar da na Benin, ofishin haɗin gwiwa na Malanbil ya zama gini ba aiki, kaya suka koma bin Lome da arewacin Burkina Faso ta Kaya, Dori da Tera cikin rakiyar sojoji, hanya mai nisa, mai tsada, mai haɗari.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba na 2023, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata a ranar 29 ga Janairu na 2025, a watan Maris na wannan shekara kuma suka sa harajin kashi 0,5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen, ban da na ƙasashen UEMOA. Ita ma Nijar ta hana fitar da hatsi a watan Oktoba na 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, da niyyar sauƙaƙa farashi a gida, matakin da ya faranta wa mai saye rai ya kuma ƙuntata wa makiyayi. A can Amurka kuwa, hukumar USAID da ta daɗe tana biyan kuɗin ƙidayar shingaye an rufe ta a 2025. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa zai gane cewa sa hannun shugaba ɗaya na iya tsayar da abin da aka yi shekara goma ana ginawa, kuma Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage gare mu

Wannan ba ya nufin a yi watsi da tallafi. Wayar intanet da aka binne, tashar Goru Banda da kasuwannin da aka gina suna nan, namu ne. Abin da ake bukata shi ne mu san abin da muke nema kafin a zo a tambaye mu. Na farko, duk na'urar da aka kawo a tabbatar akwai ƴan ƙasa da suka iya gyaranta, akwai kuma kuɗin kula da ita a cikin kasafin gwamnati, don kada ta mutu ranar da shiri ya ƙare. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Tawa, Damagaram da Doso na yaye matasan da za su iya wannan aiki. Na biyu, ofisoshin iyaka su samu allunan hasken rana da batura nasu, don kada yankewar wuta ta zama dalilin kwanan mota. Na uku, a tuna da ƙaramin ɗan kasuwa: a liƙa abin da doka ta ce a biya da harshen Hausa a kowace iyaka, a karanta shi a gidajen rediyo, a samar da takarda mai sauƙi ga mai ƙananan kaya, a kuma ba da lambar waya da za a kai ƙara a ga sakamako.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne hukumomi su raba rigimar siyasa da hanyar abinci. Hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ba ta CEDEAO ba ce, tsakanin Nijar da Najeriya ce kai tsaye, saboda haka ficewarmu daga ƙungiyar ba ta shafe ta ba. Gwamnoni, sarakuna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Katsina, na Tawa da Sakkwato, na Damagaram da Kano da Jigawa sun san juna, suna auratayya, suna zuwa jana'izar juna. Su ne ya kamata a sa gaba a duk shirin da za a kawo, domin su ne za su rage a wurin bayan baƙo ya naɗe tabarmarsa. Aboki ana iya canza shi, amma maƙwabci Allah ne ya haɗa, kuma zumunta a ƙafa take. Allah ya ba shugabanninmu ikon gane haka, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu.